Tsohuwar Akori-kura a Kan Shasin Hilux: Za Ta Kai Masara Kasuwa Daga Dajin Birnin Gwari?

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau gareji za mu shiga. Duk mai kallon bidiyon motoci a YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da irin wannan: Bature ya jawo wata tsohuwar akori-kura daga bayan gida, ta yi tsatsa har kaji na ƙwai a ciki, ya ɗage jikinta ya ɗora a kan ƙashin motar zamani, kafin minti goma sha biyar sai ga ta tana sheƙi tana gudu. Matasa da yawa na tambaya, shin mu ma za mu iya yin haka a gida? Amsar ita ce eh, za a iya. Sai dai minti goma sha biyar ɗin nan aikin watanni ne aka matse, kuma abin da ya fi muhimmanci a aikin shi ne wanda kyamara ba ta cika nunawa ba, wato abin da ke ƙarƙashin motar.

Domin kada mu yi ta magana a iska, za mu auna komai da hanya ɗaya: hanyar Birnin Gwari da ƙauyukan da ke cikin dajinta. Motar da ta ci jarabawar can, to ta ci ta ko'ina.

MENE NE SHASI, MENE NE BODI?

Mu fara daga tushe. Motoci iri biyu ne wajen ƙira. Akwai wadda ke da shasi daban, bodi daban. Shasin wasu dogayen ƙarafa ne guda biyu da aka haɗa da gajeru a tsakani, kamar tsani a kwance. Inji, giyabos, aksul, sifirin, tankin mai, duk a jikinsa suke. Bodi kuwa ɗora shi ake yi a ɗaure da noti. Haka Hilux take, haka Land Cruiser, haka tsohuwar Land Rover, haka duk manyan motocin kaya.

Iri na biyu ita ce wadda jikin da ƙashin abu ɗaya ne, an haɗe su da walda tun daga kamfani. Corolla, Golf, Civic, duk haka suke. Irin wannan ba ta da jikin da za ka kwance ka ɗaga, domin jikin shi ne ke riƙe da komai.

To aikin da muke magana a kai na iri na farko ne. Ka ɗauki kan tsohuwar mota da akwatin bayanta, ka ɗora a kan shasin sabuwa, tare da injinta da birkinta da sitiyarinta. A ido tsohuwa ce, a tafiya kuma sabuwa. Amurkawa na ce wa irin wannan aikin restomod, wato a dawo da tsohon kamanni amma a sabunta kayan ciki. A can sun fi son akori-kurar Chevrolet ta 1947 zuwa 1955 da Ford F-100 ta 1953 zuwa 1956. Da yawansu kan ɗora tsohuwar Chevrolet ɗin a kan shasin Chevrolet S-10, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 2004, saboda tana da araha kuma faɗinta ya shige ƙarƙashin tsohon jikin.

Su don sha'awa suke yi. Amma akwai inda dole ce ta sa. A Kyuba, tun da Amurka ta ƙaƙaba musu takunkumi a farkon shekarun 1960, motocin Amurka na shekarun 1950 suka ci gaba da aiki, da yawansu yanzu injin dizal na wasu kamfanoni ne a cikinsu. A Sudan, maƙera sun ɗauki babbar motar Bedford ta Ingila, suka ƙarfafa shasinta, suka sake mata bodi, har ta koma ɗaukar kayan da ya zarce abin da kamfanin ya tsara. Sifinja suke ce mata. A Kumasi ta Gana kuma akwai unguwar Suame Magazine, inda dubban makanikai ke irin wannan haɗe-haɗen.

MU MA BA BAƘI BA NE

Idan ka duba da kyau, Arewa ta daɗe a wannan sana'ar. Manyan motocin nan masu bodin katako da ke ɗaukar hatsi da shanu, kai da shasi kawai kamfani ya ƙera. Bodin kafintoci da masu walda na gida ne suka yi. Haka makanikanmu sun saba cire injin da ya gaji su dasa na Toyota a motar da ba Toyota ba.

Tsofaffin jikunan ma muna da su. A 1975 aka buɗe kamfanin haɗa motocin Peugeot a Kakuri, Kaduna, wanda aka sani da PAN. Daga nan 404 da 504 suka cika ƙasar, kuma an ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da yawa bayan an daina yin ƙaramar motar a Faransa. Akori-kurar Peugeot, Fijo a bakin iyayenmu, ita ce ta yi shekaru tana kai buhuna da fasinja kasuwannin ƙauye. Kafin ita kuma akwai Land Rover, motar En'e da ma'aikatan gona da na daji. Har yau za ka ga gawarwakinsu a bayan gidaje da tsofaffin gareji. Ga kuma Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, inda kayan gyara da masu hannu suke.

ME YA SA BIRNIN GWARI?

Birnin Gwari na yammacin Jihar Kaduna, kusan kilomita 120 daga cikin garin Kaduna, ta yi iyaka da Zamfara da Katsina da Neja. Ƙasar noma ce ta gaske, musamman masara. A nan gandun dajin Kamuku yake, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. Babban titi ya taso daga Kaduna ta Buruku ya ratsa garin ya nufi Tegina, wani kuma ya yi Funtuwa. Amma amfanin gonar ba a bakin kwalta yake ba. Yana can ciki, wajajen Randagi, Kakangi, Kuyello, Damari, Dogon Dawa, inda hanya ta zama yashi da rani, taɓo da damina.

Kowa ya san abin da yankin ya sha a hannun 'yan bindiga. An yi shekaru hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari tana cikin mafi haɗari a ƙasar nan. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin a kan batun sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta yi kimanin shekara goma a rufe. Mutane suka fara komawa gonaki. To wanda ya noma, da me zai fito da kayansa? Tun daga 2023, da aka cire tallafin mai aka kuma saki darajar Naira, Hilux ko ta hannu ta fi ƙarfin ƙaramin manomi da ƙaramin direba.

A nan ne tunanin haɗa mota a gida ya tashi daga wasan 'yan gayu ya zama maganar neman abinci. A nan ne kuma kuskure ke da tsada. In motarka ta mutu a Kawo, ka tura ta gefe ka hau Keke Napep. In ta mutu da La'asar sakaliya a tsakiyar daji, da buhu goma da mutum huɗu, ga ba sabis a waya, wannan wata magana ce daban. An samu sauƙi, alhamdulillahi, amma babu direban da ke son dare ya same shi a can. Saboda haka ma'auninmu ɗaya ne: za ta je, ta ɗauko, ta dawo kafin Magariba?

WANE JIKI ZA KA ƊAUKA?

Abin da zai fara zuwa ran ɗan Kaduna shi ne akori-kurar 504, domin ita muka taso muka gani. Amma ga matsalar. Asalin 504 ƙaramar mota ce mai jiki da ƙashi a haɗe, daga baya aka ƙarfafa bayanta aka fitar da akori-kura. Don haka kanta ba ya kwancewa da sifana kamar na Hilux. Sai an yanka, an sake gina masa ƙasa da wuraren zama a kan sabon shasi. Ana iya yi, amma aikin gwani ne, ba na mai koyo ba.

Tsohuwar Land Rover ta fi sauƙi. An fara ƙera ta a 1948, lokacin ƙarfe na wahala a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka yi jikinta da alminiyam. Shi ya sa za ka ga wadda ta shekara hamsin jikinta bai ruɓe ba, alhali shasin ƙarfen da ke ƙasa ya cinye. Jikin gunduwa-gunduwa ne, da noti da ribit aka haɗa, mutum biyu za su iya sauke shi. Amma ka duba bangon da ke tsakanin inji da direba, shi ƙarfe ne kuma yana tsatsa. Sannan alminiyam ba ya karɓar waldar lantarki da muka saba da ita, kuma inda ya manne da ƙarfe ga danshi, yana cin kansa ya zama farin gari. Sai an sa roba ko fenti a tsakaninsu.

Wani abu kuma: Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a Afrilun 1972. Motar da ta girmi wannan lokacin, mai yiwuwa sitiyarinta a dama yake, kuma doka ba ta yarda da irinta a titi yanzu ba. In ka samu irin wannan jikin, ka sa aikin mayar da sitiyari hagu a lissafinka.

Akwai kuma tsohuwar Land Cruiser ta jerin 40, da aka yi daga 1960 zuwa 1984. In ka dace da akori-kurarta, ita ma kanta kwancewa yake yi, sai dai ita ƙarfe ce, tsatsa na cin ƙasanta.

SHASIN SHI NE MOTAR

Yanzu mun zo zuciyar maganar. Shawara ta farko: kada ka tsinto kaya ɗaiɗai, shasi daga nan, inji daga can, aksul daga wani wuri. Ka nemi mota ɗaya cikakkiya wadda jikinta ya lalace amma ƙasanta lafiya, misali Hilux da ta kife rufin ya murƙushe. Ka saye ta gaba ɗaya. Injiniyoyin kamfani sun riga sun daidaita injin da giyar da birkin da sifirin, kai riga kawai za ka canza mata.

Kafin ka biya, abu uku.

Na ɗaya, shasin a miƙe yake? A ajiye shi a daben da ya daidaita, a ɗauki tef a auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, sannan a auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba, shasin ya murɗe. Motar za ta riƙa tafiya a karkace kamar kare, tana cin taya. Ka kuma bi shi da guduma kana ƙwanƙwasawa, musamman wajen da sifirin ɗin baya ke riƙe. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji shi dum.

Na biyu, wuta ta taɓa shi? Wannan ya shafi yankinmu sosai, domin an ƙona motoci da yawa a shekarun rikici, kuma ƙarafansu na iya biyo hanyar 'yan gwangwan su shigo kasuwa. Ƙarfen da ya sha wuta sosai ya rasa ƙarfinsa. Ana iya kankare shi a fesa baƙin fenti ya fito kamar sabo, amma ranar da ka ɗora kaya ka faɗa rami, ranar zai lanƙwashe. Ka leƙa cikin ramukan shasin da tocila, ka duba ko robobi da wayoyin da ke manne sun narke.

Na uku, kuma wanda ya fi kowanne, na wane ne? Akwai lamba da kamfani ya buga a jikin kowane shasi, kuma a wajen hukuma wannan lambar ita ce motar. Ba ruwan ɗan sanda da cewa jikin na kakanka ne. In lambar ta motar da aka ƙwace a hanya ce, ko an goge ta an sake bugawa, kai za a riƙe, kuma a yanki irin wannan tambayar da za a yi maka ba ta sata kaɗai ba ce. Ka karɓi takardun asali, da na kwastam, da rasit mai sunan mai sayarwa da shaidu. Ka kai lambar wurin 'yan sanda da ofishin lasisi a bincika kafin kuɗi ya fita daga hannunka. Duk wanda ya ce maka ka bar maganar takarda ga rangwame, ka tuna araha ba ta ado.

AWO KAFIN YANKA

Abu na farko da ake gwadawa shi ne tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya. Bari mu yi lissafi da misali na gaske. Doguwar Land Rover ana ce mata 109 ne saboda tazarar tayoyinta inci 109 ce, wato kusan santimita 277. Hilux ɗin da aka yi daga 2005 zuwa 2015, wadda ake ce wa Vigo, tazararta santimita 308 da rabi ce. Bambanci ya haura santimita 30, fiye da ƙafa guda ke nan. In ka ɗora jikin haka nan, tayar gaba ta zauna daidai, ta baya za ta fita daga raminta.

Hanya biyu ce. Ko ka ƙara wa jiki tsawo, ko ka rage wa shasi. Ga mai aiki a gida, ta farko ita ce daidai. Akori-kura ce ai, akwatin baya kawai za ka sake ƙerawa ya dace da shasin, har ka samu ƙarin wurin kaya. Jiki in ka ɓata shi, muni kawai za ka gani. Shasi in ka ɓata shi, rai ne.

In har sai an yanka, ba a yanka shasi a tsaye kamar rake. Ana zaɓar wuri miƙaƙƙe, nesa da inda sifirin ke riƙe, a yi yankan a karkace ko mai hawa-hawa, a haɗa, sannan a lulluɓe wurin da wani farantin ƙarfe mai tsini a gefe biyu domin nauyi ya bazu. Kuma wannan na ƙwararren mai walda ne mai injin da ke da ƙarfi, ba ƙaramin janareta da ke shaƙewa in an ɗosana ba. Da ka taɓa tsawon shasi, furofela ma sai an rage ta, fayif ɗin birki da na mai da wayoyi duk sai an bi su. Furofelar da aka yanka aka haɗa da ido, za ta riƙa girgiza har ta cinye bayan giyabos. A kai ta Panteka wurin masu injin juya ƙarfe su daidaita.

Sai faɗi. Hilux ta fi tsohuwar Land Rover faɗin ƙafa, don haka tayoyin za su leƙo waje, sai an yi musu rumfa. Sai kuma zaman bodi. Kada a taɓa manne bodi da shasi da walda. Shasi na murɗawa kaɗan-kaɗan a hanyar daji, haka aka tsara shi. Robobi ake sawa a tsakani a ɗaure da noti masu ƙarfi. In ka haɗe su ƙam, jikin ne zai tsage. Kuma ka zaunar da jikin ƙasa iyakar yadda zai yiwu. Duk ɗagawar da ka yi don ta yi kwarjini, ka ƙara mata saurin kifewa a kwana, balle in an lafta buhuna a sama.

WANE INJI?

A nan matasa kan so mafi sabo. Dakata tukuna. Injin zamani da kwamfuta yake aiki, wadda makanikai ke ce wa birenbos, kuma a wasu motocin tana magana da makulli. In ka raba su, motar ba za ta tashi ba. Shi ya sa in za ka yi amfani da irin injin 2TR na fetur mai lita 2.7, ka kwaso shi da kwamfutarsa da wayoyinsa da makullinsa da agogon gabansa, duk daga mota ɗaya, ka kuma samu mai riwaya da ya san aikin. Ka ɗaga kwamfutar sama inda ruwan rafi ba zai kai ba.

Sababbin injinan dizal kuma ba sa jure gurɓataccen mai. Wanda zai riƙa shan man jarka a wajen 'yan bumburutu a ƙauye, ya yi tunani sau biyu. Tsofaffin injinan Toyota irin su 22R na fetur mai kafireto, ba su kai sababbi ƙarfi da tattalin mai ba, amma makanikin ƙauye zai iya tayar da su da sifana da sukundireba. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: in ta tsaya a Dogon Dawa, wa zai gyara, kuma a ina za a samo kayan? Ga wannan hanyar, wani lokacin shasin Hilux ta shekarun 1990 ya fi na bara amfani. Sannan in da hali ka nemi mai jan taya huɗu, wadda direbobi ke ce wa fowil, don damina ba ta san gayu ba.

Kada a manta da lagireto. Hancin tsohuwar mota ƙarami ne, injin zamani kuma na son iska. In babu wurin lagireton da ya zo da injin da fankarsa, za ka riƙa tafasa ruwa a kowane hawa.

BIRKI DA SITIYARI

Ga dalilin da ya sa ake canza shasi gaba ɗaya maimakon a dasa inji kawai. Injin fetur na tsohuwar Land Rover mai lita biyu da kwata, ƙarfinsa wajen doki 70 ne. Na Hilux mai lita 2.7 ya kai wajen 160, ya ninka har da ɗoriya. To ka ɗauka an dasa shi a tsohon shasi mai birkin duram a ƙafa huɗu. A kimiyyance, in gudu ya ninka biyu, aikin da birki zai yi ya ninka huɗu. Birkin da aka yi don kilomita 60 a awa, aka kai shi 120, an ɗora masa aikin mutum huɗu. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Shasin zamani na zuwa da birkin diski a gaba, da layin man birki biyu, ta yadda in ɗaya ya fashe ɗayan zai riƙe. Amma sai ka ɗauko mastan birkin da fedarsa daga motar da ta ba da shasin, ka kafa su a bango mai ƙarfi. Bangon da ke lanƙwashewa in ka taka birki, rabin ƙarfin ƙafarka a nan yake tafiya. Fayif ɗin birki kuma sabo ake sawa, ba a faci.

Sitiyari ma haka. Sandar sitiyarin zamani an yi ta ne ta naɗe in an yi karo, don kada ta soki ƙirjin direba. Ka yi amfani da ita, ka bar ta tsohuwar. Kuma ba a yanka sandar sitiyari a haɗa da walda a bakin titi. In tsawon bai kai ba, a nemo mahaɗin da aka ƙera don haka.

ABIN DA SABON SHASI BA ZAI BA KA BA

Gaskiya ɗaya da masu bidiyo ba sa faɗa: kariyar motar zamani, mafi yawanta a jiki take. Balan-balan ɗin da ke fitowa in an yi karo, rufin da ke jure kifewa, ƙofofi masu ƙarfe a ciki, duk sun tafi da jikin da ka jefar. Za ka samu motar da ke tsayawa da juyawa kamar ta yau, amma in aka yi haɗari, ta jiya ce. Abin da za ka iya yi shi ne ka sa bel a kowace kujera, a ɗaure shi a ƙarfe mai kauri ba a alminiyam ba, ka gina baka na fayif mai ƙarfi a bayan kai. Tsohuwar Land Rover da yawa tankin manta a ƙarƙashin kujera yake. Ka cire shi, ka bar na Hilux a inda kamfani ya sa.

Kaya kuma, Hilux wajen tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka. Buhun masara mai kilo 100, goma ke nan, kuma direba da yaran mota na cikin lissafin. Ƙara ganyen sifirin zai hana ta durƙusawa, amma ba zai ƙara wa birki da aksul da taya ƙarfi ba.

FENTI DA HUKUMA

Tsohuwar Land Rover da koren fenti aka san ta, kuma da yawa za su so su mayar da ita haka. Kul. Akwai doka tun shekarun 1970 da ta hana farar hula yi wa mota launin koren soja. Ko babu doka ma, ka yi tunanin akori-kura mai kalar soja a hanyar daji. Jami'an tsaro za su tsare ka, waɗanda ke cikin daji kuma za su ɗauke ka abin da ba kai ba. Baƙin gilashi ma haka. Fari, shuɗi mai haske, ruwan madara, duk sun wadatar. A wannan hanyar, motar da ba ta jan ido ita ce mai kyau.

In an gama, a je ofishin hukumar duba motoci a duba ta, a gyara takardu su nuna launi da inji da kamannin da take da su yanzu. Gara ma ka je ka yi tambaya tun kafin ka fara, don kada ka gama kashe kuɗi a ce ba za a yi mata rajista ba. In ba haka ba, kullum kai ne abincin shingen 'yan KASTLEA da na Road Safety.

ME ZA A IYA YI A GIDA?

Kwance jiki, wanke shasi, kankare tsatsa, shafa fentin kariya, ƙera akwatin baya, kujeru, duk za ka iya a tsakar gida da abokanka. Ka ɗauki hoton komai kafin ka kwance, ka zuba notina a leda ka rubuta na ina ne. Amma waldar shasi, furofela, birki, sitiyari da wayoyin kwamfuta, a kai wa masu su. Ba gazawa ba ce ka ce, Oga, zo ka duba min.

Abu biyu da ke kashe mutane a gareji: shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ke riƙe da ita, da kusantar tankin fetur da wutar walda. Bulon siminti ma fashewa yake yi ba sallama, a sa ƙafafun ƙarfe ko gungumen katako. Tanki kuwa, wanda babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin ne ke fashewa.

Batun kuɗi, ka lissafa motar da za ta ba da shasi, da tsohon jiki, da ladan masu aiki, da taya, da takardu, sannan ka ware wani abu don abin da ba ka hango ba, domin sai ya fito. Daga nan ka kwatanta da hanya mafi sauƙi: ka sayi Hilux ɗin da ta yi haɗari ka nemo mata kan Hilux na Beljiyam ka ɗora. Sau da yawa wannan ya fi araha da sauri, kuma ga mai neman abinci zalla, shi ne shawara. Ɗora tsohon jiki na da ma'ana ne in jikin na hannunka kyauta, ko yana da tarihi a gidanku, ko kuma kana son ka koyi sana'ar ka mayar da ita hanyar samu.

In ta tashi, kada ranar farko ka nufi daji. Ka yi mako kana zagaya gari ba kaya. Ka gwada birki a fili, ka ga ko tana ja gefe. Ka sake bin duk notina. Sannan rabin kaya, a hanya ta kusa, da safe. Sai ta yi wannan lafiya sau da yawa kafin ka ɗora mata buhu goma da rayukan mutane.

A nan za mu dakata. Wanda ke da tsohuwar Fijo ko Land Rover a bayan gida, kafin ka kira 'yan gwangwan, ɗauki tef ka auna tazarar tayoyinta, ka leƙa ƙasanta da tocila, ka nemo takardunta a akwatin Baba. Allah ya tsare direbobinmu, ya ƙara wa Birnin Gwari da kewaye zaman lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, mu kwana lafiya.